Kati Na Bakwai

Zuwa ga Malama, hasken idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan sanyi bayan doguwar tafiya. Zuwa ga wadda ta koya mini sunayen abubuwan da ke cikin ƙirjina ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juya mini baya ranar da ƙirjin ya fashe. Sallama a gare ki, ke da har yanzu in an ambace ki hannuna yake kuskure maɓallin inji. Ina fatan kina lafiya, ina fatan kina cin abinci, ina roƙon Allah ya ƙara miki haƙurin rashin Baba. Wannan gaisuwar daga zuciya ta fito. Abin da zai biyo bayanta ma daga can ya fito, sai dai yana da ɗaci, kuma ba zan sa masa sukari ba.

Saƙonki ya iso jiya. Layi biyu ne: “Yaya zai kawo maka zobenka ranar Juma'a. Don Allah kada ka neme ni.” A tsaye na karanta shi a bayan kantar shagona, inji yana ta tofo takardun wani ɗalibi. Yau Talata, kwana uku ke nan suka rage mini. Kin ce kada in neme ki, ban kuwa neme ki ba: ban kira ba, ban tsaya a ƙofar makarantarku ba. Takarda na aiko, takarda kuwa ita ce sana'ata. Ki karanta ta har ƙarshe, in ya so ki yaga.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagon nan? Ni na tuna har da jiƙaƙƙen gefen mayafinki. Ruwa ake yi, kika shigo kina kakkaɓe lema, kika miƙo mini filashi kika ce fuskoki shida ne a ciki, in buga su a kan kwali mai kauri, in sa musu leda, in yanke kusurwoyin su yi zagaye don kada su soki hannun ɗalibai. Na buɗe a kwamfuta, sai ga mutum shida suna kallona: wani ya washe baki, wata ta kwaɓe fuska, wani ya haɗe gira, wata ta zaro ido, wani ya saki baki, wata ta yamutse hanci. A ƙarƙashin kowanne an rubuta sunansa: farin ciki, baƙin ciki, fushi, tsoro, mamaki, ƙyama. Na ce, “Malama, waɗannan kuma 'yan uwanki ne?” Kika ce, “'Yan uwan kowa ne. Ilimin halayyar ɗan Adam nake koyarwa a kwalejin horon malamai, da su nake nuna yadda zuciya take leƙowa ta fuska.” Sannan kika dube ni sama da ƙasa, kika ga tawada har gwiwar hannu, kika ce, “Kai kuma, Mai Tawada, wanne ne kai yau?” Sunan ya bi ni tun daga ranar. Na nuna miki katin mamaki, domin gaskiya shi ne.

Kwafi biyu na buga. Ɗaya kika tafi da shi, ɗaya kika ce in ajiye a aljihun tebur, wai tunda Allah ya yi ni da nauyin baki, kati ya riƙa magana a madadina. Haka muka yi shekara biyu. In kin tashi daga makaranta da la'asar ki biyo, ki ture tarin takardu gefe, ki jera katunan nan shida a kan kanta, ki naɗe hannu ki jira. In ɗauki ɗaya in tura gabanki, ke kuma ki ce, “To me ya jawo shi?” Ranar da injin ya cinye mini takardun jarrabawar wata makaranta, fushi na tura, kika yi ta dariya kina riƙe ciki kina cewa yau kam ko babu kati. Ke wasa kika ɗauke shi, ni kuwa na girma ne ban san cewa abin da nake ji a raina yana da suna ba. Ke kika fara tambayata, kuma ke kika fara tsayawa ki ji amsa.

Ranar da na ba ki zoben nan da kike shirin maido mini, kin tuna abin da na yi? Kati biyu na tura, farin ciki da tsoro, na ɗora zoben a tsakaninsu. Kika ce, “Maguɗi ke nan. Ɗaya ake ɗauka.” Na ce ni dai biyun nake ji, kuma ban san wanda ya fi nauyi ba. Kika dube ni, idonki ya ciko, kika ce, “To yau na yarda maka biyu.” Ya ke sanyin idaniyata! A ranar kin yarda cewa zuciya ɗaya tana iya ɗaukar abu biyu a lokaci guda. Me ya sa wannan sassaucin ya ƙare a ranar da na fi bukatarsa? Ko kuwa na ranar murna ne kaɗai, ba a fito da shi ranar makoki?

Bari in yi miki maganar Baba, tunda kowa a gidanku ya yanke cewa ban damu da shi ba. Kin san idonsa ya yi rauni tun da ya bar aikin gidan waya, kin san ba ya yarda a karanta masa jarida, wai muryar wani tana ɓata labari. Abin da ba ki cika sani ba shi ne yadda muke yin Litinin ni da shi. Da hantsi zai shigo yana dogara sanda, ya zauna a bencin nan na bakin ƙofa ya ce, “Tawada, kumbura mini duniya in gani.” In ɗauki shafukan jarida in ƙara musu girma a inji ninki biyu, in manna su da gam, in miƙa masa. Ya karanta yana tsaki, yana faɗa da ministocin da ba su san yana yi ba, yana gyara wa 'yan jarida rubutu da jan biro. In ya gama ya ce in kawo shayi, ya ce shayina ruwan wanke kofi ne, ya shanye tas ya nemi ƙari. Ni da na tashi ba uba, a bakin wannan tsohon na fara jin an ce mini “ɗana” ba a biyo shi da aike ba. Wata Litinin ya kama hannuna ya juya shi, ya ce, “Hannun da ya yi baƙi da aiki ba ya ba ni tsoro. Na ba ka ita. Amma ka riƙa magana, yarinyar nan sai ta ji da kunnenta take yarda.” Ban riƙa maganar ba. Wannan laifina ne, kuma zan zo kansa.

Yanzu ranar asibiti. Ba zan kewaye ta ba, don ita ce tsaye tsakanina da ke. Litinin ce ita ma. Na zo da azahar riƙe da fulas na shayi da shafukan da na kumbura masa, don ya ce ko a gadon asibiti ba zai bar ministoci su huta ba. Na tarar da ku a baranda: ke a kan benci, Gwaggonki tana jan carbi, Yaya yana kai da kawowa. Likita ya fito, ya cire tabarau, ya ce, “Sai haƙuri.” Gwaggo ta zube ƙasa tana salati. Yaya ya kifa goshinsa a bango. Ke kuma kika juyo gare ni, kika ɗago idanun nan naki kina neman inda za ki jingina, sai ni, ni da kika zaɓa a cikin maza, na ƙyalƙyale da dariya.

Na san yadda ta fito, ba sai an ba ni labari ba. Dariya ce sosai, mai sauti, ta cika barandar har nas ta leƙo. Abin da ba ki gani ba shi ne abin da ya riga ta. Kunnuwana sun toshe kamar na nutse a ruwa. Wani abu ya taso daga cikina, na buɗe baki in ce innalillahi, sai ga abin da ya fito. Na cusa hannu a baki na ciza har jini, ga tabon nan har yau a gindin babban yatsana, amma kafaɗuna suka ci gaba da rawa. Na ji Gwaggo tana cewa, “Wannan ne za ki aura?” Na ji Yaya ya shaƙe wuyan rigata ya tura ni wajen matakala. Fulas ya faɗi ya fashe, shayin Baba ya bi ƙasa yana gangarewa. Duk wannan da sauƙi. Fuskarki ce ta gama da ni, domin na san katin da take ɗauke da shi, ni na yanke masa kusurwa.

Ban ce ba ki da hujjar jin zafi ba. Wa zai rasa uba, ya ji dariya a kansa, ya tsaya tambayar dalili? Da kin mare ni a wurin, da na ce kin kyauta. Na bi jana'iza daga can baya kamar ɓarawo, na datse baki don kada abin ya sake kufce mini, har haƙorina ɗaya ya tsage. Na zo gaisuwa, Yaya ya tare ni a bakin ƙofa ya ce nan gidan makoki ne, ba gidan wasan kwaikwayo ba. Na haɗiye. Amma bayan mako guda na buɗe shago da safe na tarar da ambulan an turo ta ƙarƙashin ƙofa, babu rubutu, babu sa hannu, sai kati ɗaya daga cikin naki: matar nan mai yamutsattsen hanci. Ƙyama. Haba Malama! Shekara biyu ban taɓa tura kati kin bar shi ya wuce ba tambaya ba. Ranar da ta fi kowace rana, sai kika yanke hukunci ba ki tambayi komai ba.

Ga laifina, tunda na yi alkawarin zan zo kansa. Kin taɓa tambayata me ya sa ban taɓa ɗaukar katin baƙin ciki ba, har ledarsa tana nan sabuwa fil alhali sauran sun dushe. Na ce miki ni ai ba ni da damuwa tunda ina da ke. Kika ji daɗi, ni kuma na tsira. Ƙarya na yi miki. Gaskiyar ita ce, ina da shekara tara mahaifiyata ta rasu, mahaifina kuwa ya riga ta tun ina goye. Kawu ya ɗauke ni ya kawo ni wannan shagon, nasa ne a lokacin. Kwana uku da binne ta ya tsayar da ni a bayan kantar nan. Da ya ga ina ɗiga hawaye a kan takardun mutane, sai ya ja kunnena ya kai ni gaban madubin da masu ɗaukar hoto suke gyara wuyan riga, ya ce, “Ba a sayar da kuka a nan. Mai shigowa fara'a yake son gani. Washe.” Na washe. Duk lokacin da leɓena ya fara rawa, sai ya ɗaga yatsa daga inda yake, ni kuma in washe. Ba mugu ba ne, Allah ya jiƙansa, haka shi ma aka yi masa. Amma kafin shekara ta zagayo hanyar kuka ta toshe a jikina, duk abin da ya taso sai ya bi ta hanyar da aka bar masa a buɗe. Ranar da Kawun kansa ya rasu, banɗaki na shiga na kulle, na saki famfo don kada a ji ni.

Me ya hana ni gaya miki? Kunya. Wane namiji ne zai zauna gaban mace irinki, wadda ta yi digiri a kan zuciyar mutane, ya ce mata fuskarsa a karkace take? Na ji tsoron kada ki daina kallona da idon masoyiya ki koma kallona da idon malama, in zama misali a allo. Na ce in mun yi aure, in an zauna an saba, zan faɗa. Mutuwa ba ta jira ni ba.

To amma ke fa? Nan ne ɗacin yake, rabin raina, nan ne nake kasa haɗiyewa. Littafin darasinki na bara, mai shuɗin bango, wa ya buga shi? Ni. Ni na shigar da shi kwamfuta daga rubutun hannunki, harafi bayan harafi. Kwafi ɗari biyu na buga, na ɗinke su da hannuna. Shafi na sha huɗu, sakin layi na biyu, na haddace shi, don ranar da na buga shi sai da na tashi na fita waje na sha iska. Kin rubuta cewa fuska ba kullum take faɗin gaskiyar zuciya ba; cewa akwai wanda tsananin firgici ko baƙin ciki yake sa shi dariya ba da son ransa ba; cewa malami nagari ba ya hukunta yaro da abin da ya gani a fuskarsa sai ya tambaye shi. Kalmominki ne, ban ƙara komai ba. Ɗalibai ɗari biyu sun karanta, sun rubuta a jarrabawa, kin ba su maki. Ashe ilimin na aji ne? Ashe rahamar da ke shafi na sha huɗu ta 'ya'yan mutane ce, ba ta kai ga wanda ya buga shafin ba? Ranar da na karanta shi na ce a raina, Alhamdulillahi, ga wadda in asirina ya tonu za ta gane. Da wannan shafin na kwantar da hankalina na ci gaba da yin shiru.

Na yi ta juya abin, ina yankan takarda ina juya shi. Wataƙila kin sani sarai. Mutuwa ba ta da wuyan riga da za a shaƙa, ba ta da ƙofar da za a turo mata kati. Likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa, hukuncin Allah kuwa ba a ja da shi. Ga wuta a ƙirji, babu inda za a sauke ta, sai ga wani wawa yana dariya da fulas a hannu. In haka ne, na ɗauka. Wallahi da na san fushi da ni zai rage miki ko da kaɗan daga raɗaɗin rashin Baba, da na ce ki ƙara. Amma wata biyu ke nan. Telan da ke maƙwabtaka da ni ya ji daga bakin Yaya cewa kin rame, kin daina zuwa aji. Ke nan ƙin nawa bai warkar da ke ba. Mutum biyu kika binne a rana ɗaya, ɗayan kuwa yana nan yana buɗe shago ƙarfe takwas.

Kuma wa ya tambaye ni nawa rashin? An yi muku gaisuwa, an zauna da ku. Ni ba a sa ni cikin waɗanda aka yi wa mutuwa ba. Litinin ɗin makon jiya mai jarida ya jefo ta kamar kullum, hannuna ya ɗauka, ya buɗe murfin inji, ya danna ninki biyu. Sai da na manna shafi uku da gam, na juya zan miƙa, na ga benci babu kowa. Jan bironsa yana nan a cikin gwangwanin da yake ajiye shi. Wata mata da ta zo yin kwafin takardar haihuwa ta ce, “Kai kuwa Mai Tawada, me ya faranta maka rai haka da sassafe?” Na ce mata wani labari na tuna. Ta ce Allah ya ƙara mana farin ciki, na ce amin.

Ya ke wadda muryarta ta fi mini saukar ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, kin san yadda la'asar take a shagon nan yanzu? Rana tana shigowa ta ƙofa ta kwanta a kan kanta daidai inda kike jera katuna, ni kuma in kasa ɗora komai a wurin. In na ji takun takalmi a kan dakali gabana ya faɗi, in ɗago, sai in ga wata ce ta zo karɓar aikinta. Lemarki da kika manta tana nan rataye a bayan ƙofa. Sau nawa na ce zan aika miki da ita, sau nawa na fasa, don in na mayar da ita me ya rage da zai sa ki biyo? Ina jin haushinki, ina kewarki, ina tausayinki, ina jin kamar in kama kafaɗunki in girgiza ki, ina jin kamar in shimfiɗa miki rigata ki taka. Wanne kati ne wannan, Malama? A cikin shidan naki wanne zan tura? Na jera su ni kaɗai, na dube su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya san ni.

Shi ya sa na yi na bakwai. Yana cikin ambulan ɗin nan, a bayan takarda ta ƙarshe. Kada ki duba tukuna, bari in gaya miki yadda aka yi shi. Kin san lungun da nake ɗaukar hoton fasfo: farin ƙyalle a bango, kujera marar jingina, kyamara a kan ƙafafunta uku. Shekara ashirin ina tsayawa a bayanta ina ce wa mutane, “Rufe baki, kada ka yi murmushi, dubi nan.” Jiya da saƙonki ya shigo, na sallami ɗalibin da ke jira, na ja ƙofa, na saita kyamarar ta ɗauka da kanta, na zauna a kujerar. Na buɗe waya na sake karanta layukan nan biyu a fili, a hankali. Yaya zai kawo maka zobenka. Kada ka neme ni. Fitila ta haska sau goma.

Na duba hotunan. Goman duka dariya nake yi. Baki a buɗe, haƙora a waje har da tsagaggen, kumatu sun tattare, kai ka ce albishir aka yi mini. Da za ki ɗora shi kusa da katinki na farin ciki, ɗalibanki duka za su ce tagwaye ne. Na zaɓi wanda ya fi fitowa, na buga shi a kan kwali mai kauri daidai girman sauran, na yanke kusurwoyin suka yi zagaye don kada ya soki hannunki. Ƙasansa na bari fari, kuma ban sa masa leda ba, don biro ya kama. Ni aikina bugawa, sa suna aikinki ne.

Ki dube shi da kyau, ki dube shi da idon da kika rubuta shafi na sha huɗu. Wannan ita ce fuskata a lokacin da nake karanta cewa na rasa ki. Ke kin san ko ina son ki. Ko Yaya da ya shaƙe ni ba zai ce ba na son ki ba. To in mutumin da ke cikin hoton nan murna yake yi, na yarda, murna na yi a asibiti, ki ƙyamace ni har ƙarshen rayuwarki. In kuwa kin duba kin ga mutumin da zuciyarsa take tsagewa, to wannan fuskar ce dai kika gani a baranda, babu wata. Ita kaɗai gare ni. Da ita na yi makokin uwata, da ita na yi na Baba, da ita nake yin naki tun kina raye.

Ba na roƙon ki yafe mini a yau. Ba na ma roƙon ki ci gaba da sa zoben, in hannunki ya gaji da shi. Abu ɗaya nake roƙo: kada ki aiko. Zoben nan a kan kantar nan na ba ki shi, tsakanin kati biyu, ido cikin ido. In zai dawo, ya dawo ta hanyar da ya tafi. Ki zo ranar Juma'a da la'asar, ki ture takardu gefe, ki ajiye shi da hannunki, ki yi mini tambayar nan taki da kika hana ni: me ya jawo shi? Zan amsa da baki, ko da zan wuni ina in'ina. Baba ya ce in riƙa magana. Na makara, amma ga shi na fara, ni da ban taɓa rubuta abin da ya wuce sunan mai aiki a bayan ambulan ba.

In kin zo, benci yana nan, lemarki tana nan, katin baƙin ciki yana nan sabo fil, kuma a gabanki zan ɗauke shi karo na farko. In ba ki zo ba, ba zan bi ki da magiya ba, ba zan ɓata sunanki a bakin kowa ba, ba kuma zan jera wa wata katunan nan ba har ranar da za a rufe ni. Son da nake miki yana can inda yatsan Kawu bai kai ba, kuma a can zai zauna. Sai dai ina neman alfarma ɗaya. In Yaya ne zai zo, ki ja shi gefe tun a gida ki gaya masa ya yi haƙuri da abin da zai gani, kada ya sake shaƙe ni a gaban mutane. Zai ajiye zoben a kan kanta, ni kuma zan yi dariya.

Naki jiya, naki yau, naki ko da me Juma'a ta zo,
Mai Tawada